Sajo Mai Rawar Ido

Tun ranar da aka haifi Sajo idanunsa ba su zauna wuri ɗaya ba. Ƙwayar tana kai da komo, dama da hagu, ko yana magana ko ya yi shiru. Rugarsu tana yamma da Sule Tankarkar, kuma a gonata shanunsu suke kwana da rani, saboda haka na san shi tun yana rarrafe.

Da ya tasa sai ya gano wa kansa dabara. In ya karkata kai, ya juya fuska gefe, ya dubi abu ta wutsiyar ido, rawar takan lafa, ya ga abin sarai. Shanu ba su damu da wannan kallo ba. Mutane ne suka damu. A wurinmu wanda ya dubi babba haka, harara ya yi.

Mahaifinsa ya rasu, garken ya koma hannun ƙanen uban, Bappa Ya'u, mutum mai faɗa kaɗan da riƙo mai yawa. Sajo ya yi aure, har matarsa Murja ta haihu, amma bai taɓa fita da garken shi kaɗai ba. A gaban Bappa kuwa yakan miƙe wuyansa tsaf don ladabi, sai duniya ta yi ta girgiza a gabansa.

Shekarar fari, saba'in da uku, ciyawa ta ƙare tun kafin kaka. Kowa ya rasa sukuni. Yau a ce akwai kiwo wajen Haɗeja, gobe a ce can ma babu. Bappa ya je Maigatari, ya je Gagarawa, ya dawo bai zauna ba. Dole dai garke ya yi kudu, kuma shi Bappa ƙafarsa ba ta tafiya mai nisa.

A bakin rijiya abin ya ɓaci. Shanun rugage uku sun cakuɗe wajen shan ruwa, Bappa ya tsaya a gaban Sajo ya ce ya ware nasu. Sajo ya miƙe wuya, ya shiga da sanda, ya koro karsanar wasu.

"Sajo, in aro kake so ai sai ka yi sallama," in ji mai karsanar. Aka yi dariya.

Ran nan Bappa ya ce wani makiyayin haya, Dogo, shi zai tafi da shanun. Sajo zai zauna da awaki. Tun daga ranar Sajo ya daina zama wuri ɗaya. Ya je turke, ya dawo, ya kwance igiya, ya sake ɗaurewa. Murja ta ce ko furar kirki ba ya sha.

Na ji an ce masu duba ido sun zo Gumel daga Kano, na lallaɓi Bappa muka je mu uku. Wanda ya gan mu Malam Ilu ne, yana cikin masu binciken yadda ido yake motsi. Ya sa Sajo ya bi yatsansa da kallo, kai a miƙe, sannan kai a karkace. Ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ba ni da maganin wannan," ya ce wa Bappa. "Amma inda yake juya fuskar nan, nan ne idonsa yake hutawa."

"Mu dai a wurinmu ido mai gaskiya tsayawa yake," in ji Bappa.

Malam Ilu ya miƙa wa Bappa madubi. "Dubi idonka na dama. Yanzu na hagu. Koma na dama. Ka ga sun motsa?"

"Ba su motsa ba."

Ni kuwa ina gefe, ina ganin ƙwayar tana tsalle kamar fara. Na gaya masa. Ya ce ƙarya nake, ya ba ni madubin. Nawa ma ban ga sun motsa ba, shi kuma ya gani.

Malam Ilu ya ce idon kowa haka yake, tsalle yake daga abu zuwa abu yini guda, kuma a cikin tsallen mutum ba ya ganin komai, bai kuma san bai gani ba. Na Sajo dai ya fi yawa, kuma a fili yake.

Muka kamo hanyar gida. Na lura Bappa yana duban itatuwa ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa fatar idonsa.

Da aka koma rijiya shanu suka sake cakuɗewa. Dogo yana nan da sandarsa da gorarsa. Bappa ya taho kamar zai tsaya inda ya saba, sai ya zagaya ya koma bayan Sajo, inda ba za su haɗa ido ba.

"Ware mana namu," ya ce.

Sajo ya ɗauki sandarsa. Sannan ya karkata kai, ya shiga. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta, har maraƙin da ya maƙale a cikin na wasu.

Bappa ya ce wa Dogo ya yi haƙuri, ya sa aka ba shi ƙwaryar nono. Kafin sati ya zagayo Sajo ya yi kudu. Da damina ya dawo, shanun sun ragu kamar na kowa a shekarar, amma babu ta wani a ciki, kuma shi ya ci gaba da fita da su har gemunsa ya yi fari.