Warin Motar Kawu

Ranar wata Juma'a ce ta watan Yuli, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ana gobe za mu tafi Paris sunan ɗiyar ƙanwar Mama. Muna tsaye a filin ajiye motoci na gidanmu a garin Rillieux, mai nisa da Paris, Kawu Sani ya naɗe hannun riga zai yi alwalar La'asar a cikin sabuwar motarsa don kowa ya gani. Irin motar nan ce mai gado da madafa da makewayi a ciki, wadda ake kira kampin-kar, ya saye ta hannun wani tsohon Bature. Yana murɗa famfo sai wani wari ya buso, sak ruɓaɓɓen ƙwai. Yaran da suka bar tsallen igiya suka zo kallo, suka watse suna toshe hanci. Kawu ya juyo, idonsa bai sauka kan kowa ba sai ni.

Dalili kuwa ni na cika tankin ruwan motar. Tun safe nake jigilar ruwa da bidon, wato jarka, daga hawa na shida, ga asansar da ke kai mutane sama ta lalace, ƙawayena suna 'yar gala-gala a tsakar gida ina wuce su kafaɗa a karkace. Ban yi ƙorafi ba, domin ban taɓa zuwa Paris ba, kuma ɗinkina na atamfa yana rataye a bayan ƙofa tun sati biyu.

"Ke Rakiya, mi kika zuba cikin ruwan ga?" in ji shi. Na rantse ruwan famfo ne tsabtatacce. Ya ce ƙarya nake, bidon ɗin da Mama ke wanke kifi na ɗauka saboda ƙiwa. Na ce masa ya duba, famfon ruwan sanyi ba ya wari, na zafi ne kaɗai. Ai kuwa kamar na zuba wa wuta fetur. Kawu yayan Mama ne, injiniya mai takardu, wanda in ya ce rana ta fito daga yamma sai dai a ce Allah ya kyauta. "Ni za ki koya wa aiki? To ba ki zuwa Paris, ki zamna ki koyi ladabi." Baba yana tsaye bai ce uffan ba, shi da surukinsa akwai kunya. Na ji haushin shirun nan kusan kamar yadda na ji haushin ƙazafin.

Maganin da injiniya ya kawo shi ne abin da har yau in na tuna nake tsaki. Ya shiga gari, can La Guillotière, ya sayo turare kwalba biyu mai kauri, ya tuttule a tankin. Warin bai je ko'ina ba, sai dai ya samu abokin tafiya. A nan ne Baba ya buɗe baki, cikin sanyin murya, ya tuna masa cewa ruwan da aka jirkita ƙanshinsa ba ya alwala, ko da ɗoyi aka jirkita shi ko da turare. Wato Kawu ya ɓata har ruwan sanyin da ke da lafiya. Duk da haka bai janye hukuncinsa ba. Washegari su Kawu suka tafi da buta da robobin ruwan kanti, tagogi a buɗe. Mama ta ajiye jakarta ta ce in ɗiyarta ba ta zuwa, ita ma ba ta zuwa. Na leƙa ta taga ina kallon motar tana fita, ina yi mata fatan faci a taya huɗu.

Bayan sun dawo, Mama ta karɓi makulli ba tare da ta nemi izini ba. Ita a Maradi ta tashi, kuma abin da ta ce kawai shi ne, "Ko randa in ta daɗe da ruwa sai an juye an wanke." Muka bi bututun ruwan zafi da hannu har ƙarƙashin kujera, muka tarar da wani ƙaramin tanki mai dafa ruwa, da ɗan marfi a gindinsa. Mama ta murɗe shi. Abin da ya zubo baƙi ne mai yauƙi, ruwan da ya kwana a ciki tun kafin sanyin bara, lokacin ko sunan motar ban sani ba. Muka juye komai, muka cika da ruwa da farin binega, ruwan tsamin nan na girki, aka bar shi ya kwana, muka yi ta ɗauraya. Kwana uku ina hawa da sauka da bidon ɗin nan da aka yi masa sharri tare da ni. Ɗoyin ya tafi tun rana ta biyu, turaren Kawu ne ya fi taurin kai.

Mama ta kira shi ta nuna masa baƙin ruwan da ta tara a bokiti. "Yaya, ga bidon ɗin kifin naka." Ya leƙa, ya shafa gemu, ya ce, "Ai dama na san tsohon Baturen ga ba shi da tsabta." Ya murɗa famfo, ya yi alwalarsa, ya wuce ni kamar turken fitila. Da na yi kuka, aka ce mini babba ba ya laifi.

Yanzu a Paris nake zaune, kullum ina ratsa unguwar Barbès zuwa aiki, garin da aka hana ni gani ya zama wurin da nake gajiya da shi. Atamfar ta yi mini kaɗan ban taɓa sa ta ba. Mama ta rasu, kuma in na buɗe kwalbar binega a madafa sai in tsaya, domin hannunta nake ji. Kawu ya tsufa ya koma gida, duk Sallah ina kiransa mu yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya sa mini albarka. Nakan ɗan jinkirta kafin in kashe wayar. Har yau bai ce in yi haƙuri ba.