Dutsen Niƙa Daga Ramin Sinki

Har yau ban manta ranar da aka kawo ƙarata a karon farko a kamfanin nan ba. Wata Talata ce, ina wata na biyar da kama aiki, saura wata guda a tabbatar da ni ko a ce in kama gabana. Ku da kuka zo kuka tarar ana ce mini Shugabar Awo, ku sani akwai lokacin da ko gyaran murya shugabarmu Madam Lim ta yi, sai in miƙe tsaye.

Ga wanda bai san aikinmu ba, dutsen kantar kicin muke yankawa mu ɗora. Mai saye zai zaɓi dutse, mu je mu auna, a yanka a fasa ramin sinki da na murhu, a ɗora, sannan a shafe shi da man kariya don kada ya sha maiƙo. Wanda ya ba da shawarar dutsen shi ke sa hannu a takardar garanti. In dutsen ya ba da kunya, sunanka ne a ƙasa.

Anti Maryam, matar wani malamin jami'a ɗan ƙasarmu da ke unguwar Taman Melati, ita ce ta farko da na yi wa aiki ni kaɗai. Farin marmara ta ƙwallafa rai a kai, irin wanda ta gani a otal a unguwar Bukit Bintang. Na ce, "Anti, wannan dutsen na masu dafa ruwan shayi ne." Na ba ta gutsure biyu, marmara da baƙin giranait, na ce ta zuba musu zoɓo da manja da ruwan tsamiya su kwana. Washegari marmara ya fito kamar zanen mai aikin rini, giranait kuwa ko a jikinsa. Ta zaɓi giranait, ni kuma da ɗokin sabon shiga na bugi ƙirji na ce shekara ashirin ba zai dushe ba.

Sati uku kacal ya yi. Madam Lim ta kira ni ofis ta nuna mini hoto: wani wuri kamar faɗin faranti kusa da sinki ya yi fari fat, ƙyallin ya tafi. Ta ce, "Rabi, ko dutsen ne bai da kyau, ko shawararki. Ki tafi da Pak Din ki gano mini wanne ne." Pak Din shi ne babban mai yankanmu, dattijon Bamale ɗan asalin ƙasar nan, mai shekara talatin a sana'ar, wanda maganarsa ta wuni guda ba ta cika cokali.

Muka isa. Anti Maryam ta haihu kwana goma da suka wuce, tana zaune da jaririya a cinya, ranta a ɓace. "Rabi, wallahi I'm so disappointed. Ko wuƙa ba na sawa a kai, sabulu da tsumma kawai, yadda kika ce." Pak Din ya ɗiga ruwa a wurin, ya shafa da yatsa, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago ya dube ni ya ce wannan ba tabo ba ne, goga aka yi, kuma yana jin ƙanshin citta.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. Inna ce, mahaifiyar Anti, ta zo daga Bichi don wankan jego. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ke ce mai dutsen? Sannu 'yar nan, Allah ya yi albarka. Dutse ne mai kyau, sai dai santsi. Kwana bakwai ina fama da shi bayan asuba, sai jiya ya fara kama kaya." Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan dutsen niƙa, wanda ya sha hannu har ya yi sumul. Tun daga gida ta taho da shi a jaka, don ita yajin jegon 'yarta ba zai shiga bilenda ba.

Anti ta dafe kai ta ce, "Inna!" Ni dariya ta taso mini har wuya, ga daɗi kuma, don dai ba dutsena ba ne ya gaza. Amma sai na ga fuskar Inna ta fara canzawa. Ta gane ta yi ɓarna a gidan suruki, ta soma mayar da ɗan dutsen bakin zani a hankali. Nan daɗin ya koma mini ciki. Dokar kamfani ita ce in rubuta cewa laifin masu gida ne, garanti ya faɗi, in karanta musu su sa hannu. Takardar za ta wanke ni tas. To amma da wane baki zan karanta wa sa'ar kakata laifinta a gaban 'yarta?

Pak Din ne ya miƙa hannu biyu, ya roƙi a ba shi dutsen ya gani. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafi, sai ga mutumin nan yana murmushi. Ya ce kakarsa a ƙauye tana da irinsa, da shi take niƙa barkono, kuma tun da ta rasu bai ƙara cin miya mai wannan ɗanɗanon ba. Na fassara wa Inna. Ta ce, "Ashe su ma mutane ne masu hankali."

A mota na tambaye shi ina gutsuren da aka fasa na ramin sinki da na murhu. Ya ce suna bayan shago, jiran motar shara suke. Na ce za a iya haɗa su biyu a koɗa fuskar ta yi kaushi, a yi wa Inna dutsen niƙa? Ya ce, "Boleh," wato za a iya. Na je na faɗa wa Madam Lim gaskiyar abin da ya faru, na ce ban rubuta takardar ba, kuma ga dalilina. Ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta ce in Pak Din ya yarda ya goge kantar, ita ba ta ga takardar da za a rubuta ba.

Ranar Juma'a da safe muka koma. Pak Din ya goge wurin har ƙyallinsa ya dawo, muka sake shafa man kariya, sannan ya ajiye wa Inna sabon dutsen da ya koɗa mata a ƙasa kan tabarma. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta zuba citta da kanumfari da masoro, ta murza sau biyu. Sai ta rangaɗa guɗar da ta tashi jaririya daga barci. Ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwo, Pak Din yana gumi yana ƙari, ta kuma ƙulla masa yaji a leda.

An tabbatar da ni ƙarshen watan. Tun daga ranar, kafin in ciro abin awo a kowane gida, sai na tambaya wa ke girki, me ake dafawa, kuma akwai tsohuwa a gidan? Ku ma ku riƙa tambaya, don mu ƙyalli muke sayarwa, su kuma abinci za su yi a kai. Gutsuren sinki kuwa, kun dai ga ba ma zubarwa. Har gobe in Pak Din ya gama koɗa ɗaya, da alli yake rubuta masa suna a gefe: Inna.