Bashiru bai yi maguɗi ba

Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni a waya. Wai Bashiru kafinta ya rasu. Sau uku na ce wa mai kiran, "Wane Bashirun?" Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta.

Waɗanda suka san mu a Illela sun san haukarmu. Duk Asabar bayan la'asar mu huɗu muke haɗuwa a bayan shagonsa, mu kewaye wani babban tebur muna yaƙin Rumawa da Farisawa da 'yan sojojin katako. Shi ya sassaƙa su da guntayen da suka rage masa, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ba ya yi musu fuska, don yayansa Malam Haruna ya ce masa hakan ya fi. Da tef ɗin awo muke auna tafiyar kowace runduna.

Mutane na yi mana dariya, wai ƙarti da gemu muna wasan yara. Bashiru sai ya ce, "Ku taho ku zamna, minti goma kun ka yi sai mun kore ku da sanda."

Da na ce ina son giwaye a rundunata, sati biyu ya yi yana sassaƙa min guda shida. Ranar da na yi rashin mahaifiyata, shi ya kawo bencinan zaman makoki, shi ya kwashe, ko sanar da ni bai yi ba.

Dokarmu ɗaya ce. In an kira magariba a rufe tebur da zani, ba mai taɓawa sai wata Asabar.

Sati biyar da suka wuce muka yaye zani na ga giwayena sun ja baya, dawakinsa sun matso gefen kogi. Ina da hoton yadda muka bar su a wayata. Na nuna masa a gaban kowa, na ce ya yi maguɗi.

Ya kalli hoton ya daɗe. Ya ce, "Awo, gaskiyarka, ba haka suke ba. Gyara su yadda kake so."

Ni kuma da baƙar zuciyata ban gyara ba. Na tafi, na saka hoton a guruf ɗinmu har da zagaye wurin da jan layi. Na daina zuwa.

Ranar Lahadi na gamu da shi a kasuwa, ya rame, na ɗauka aiki ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai mi na yi maka da zafi haka? Taho Asabar ga, tebur ba daɗi in ba ka."

Na ce, "Sai na gani."

Wallahi maganata ta ƙarshe da shi ke nan.

A hanyar dawowa daga maƙabarta Malam Haruna ya ja ni gefe. Ya ce a wancan satin jiri ya kwashi Bashiru a shago, ya faɗa kan teburin, komai ya watse a ƙasa. Shi ya kai shi asibiti. Da suka dawo, Bashiru ya zauna yana mayar da sojojin ɗaya bayan ɗaya, iya yadda ya tuna. Ya roƙe shi kada ya faɗa mana, wai in muka sani za mu daina yaƙarsa da gaske, mu riƙa bar masa nasara don tausayi.

Ya gwammace in kira shi mai maguɗi a kan in ji tausayinsa. Kuma na kira shi.

Kunya nake ji, kuma ba wanda zan je in ba haƙuri. Saboda haka a bainar jama'a na yi masa ƙazafi, a bainar jama'a nake janyewa. Duk wanda ya ga hoton nan ko ya ji daga bakina, ku shaida: Bashiru bai yi maguɗi ba, ni na zalunce shi.

Ya Allah ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri. Don Allah wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah ya sa ya yafe min kafin ya cika.