Inna Ummul-Khairi, Wadda Ta Ƙi Dangwala Yatsa

"Ba zan dangwala ba."

Alhaji Sadi, shugaban ƙungiyar masu sayar da sassaƙe da saiwa a kasuwar Adjamé, ya tsaya riƙe da takarda da tawada. Mutum arba'in da ɗaya sun riga sun sa yatsa. Saura Inna Ummul-Khairi, matar marigayi yayansa.

"Matar Yaya, yatsan naki na zinariya ne? Dangwala mu wuce, rana na yi."

"Kai da na zo gidanku na tarar kana yawo ba wando, yau kai ke ba ni oda? Karanta mini ita tukuna."

Ya karanta. A lokacin gwamnati ta matsa a kan dokar daji, ana tambayar masu sana'ar itace inda kayansu ke fitowa. Takardar shaida ce cewa duk sassaƙen da ke rumfunan ƙungiya an ɗebo shi ba tare da an kashe itace ba. Inna ta san ba haka ba ne. Shi ma ya sani.

Shekara talatin da huɗu tana fitowa daga unguwarsu ta Biafra da ke Treichville bayan sallar asuba, ta kama bas, ta isa kasuwa kafin motocin arewa su sauke kaya. Sauran mata sukan ɗanɗana ɓawon maɗaci, in sun ji ɗaci su saya. Ita kuwa sai ta zazzage buhun a tabarma, ta durƙusa tana haɗa guntayen gefe da gefe kamar mai ɗinkin ƙwarya. In sun jeru tsiri ɗaya, gefe guda aka sassaƙa, itacen zai warke. In sun zagayo sun haɗe, zobe aka yi masa, ya mutu a tsaye. Irin wannan buhun ba ya wuni a gabanta.

Ni'ima, maƙwabciyar rumfarta, tana nan ranar da wani dillali ya gutsuttsura ɓawon ƙanana-ƙanana don ya ɓatar da ita. Inna ta bar ciniki, tun hantsi har azahar tana haɗawa, sai ga zobe ya fito. Ta yafito dillalin.

"Ɗana, zo ka ɗauki gawarka. Ni magani nake sayarwa."

Sau biyu tana hawa bayan mota zuwa arewa, da ciwon gwiwarta, don kawai ta nuna wa masu sassaƙa yadda ake yanka faɗin tafin hannu a bari, a shafe ciwon da laka. Ba wanda ya aike ta.

Da takardar ta isa ofishin gwamnati babu yatsan Inna, ma'aikatan gandun daji suka zo jin dalili. Inna ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma da suka ce ta nuna musu yadda take ganewa, ba ta ɓoye ba. Suka zazzage buhunan rumfuna, suka haɗa guntayen da hannunsu, suka tafi da fiye da rabi. Kafin Juma'a magana ta zagaye Adjamé har Treichville: tsohuwa ta tona asirin 'yan'uwa a ƙasar da muke baƙi.

Wane asiri? Na itatuwan da muke kashewa muna kiran abin sana'ar gado? 'Ya'yanmu sun haddace dokar daji da Faransanci, sun iya jawabi a ɗakin taro mai sanyi. A miƙa musu buhu ɗaya su faɗi itace nawa suka mutu a ciki, a gani. Doka takarda take nema, takarda kuwa kowa na iya cika ta.

Inna, ke ce idon da doka ba ta da shi. Ke ce kika tsaya wa itatuwan da ba ki taɓa zama a inuwarsu ba. Ba ki iya rubuta sunanki ba, amma kin ƙi a rubuta ƙarya da shi. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu saye kuma, ku koyi zazzage buhu. Masu sa hannu, ku ce a karanta muku tukuna.

Sai dai duk mai niyyar binta ya san abin da ke gaba. Ƙungiya ta kore ta, rumfarta tana hannun wata. Yanzu faranti take ɗauka a ka, tana da shekara sittin da shida, tana zagaya bakin tashar jirgin ruwa ta Treichville, in ta zauna nan a tayar da ita, ta koma can a tayar da ita. Ranar da ta aurar da autarta ta dafa abincin mutum ɗari. Daga kasuwa Ni'ima kaɗai ta zo.