Man Kaɗanyar da Iya Ta Hana Ni

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, ko ta aiki wani ya kira ni. Kunya ce, kowa a Burumburum ya san haka, ni ma abin bai dame ni ba saboda ina da Iya. Iya ce ta haifi babanmu, kuma cinyarta tawa ce ni kaɗai. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, yaran gida su kewaye ta, ni kuwa in miƙe in ɗora kaina a cinyarta kamar gadona ce. "Maigidana ya iso," in ji ta, "yanzu sai a fara."

Ina shekara bakwai aka kawo Ado daga wajen Falgore. Ɗan Goggo Asabe ne, ƙanwar babanmu, wadda ta rasu da daminar nan. Sa'ana ne, siriri, ba ya son magana, kansa duk ƙuraje sun yi ɓawo. Ran da wanzami ya fara yi masa aski, da ruwa da sabulu kawai kamar yadda ake yi mana, aska ta riƙa kwashe ɓawon, jini yana bin wuyansa. Shi bai yi kuka ba. Iya ce ta yi.

Wanzamin yakan zo gidanmu da zabirarsa ran Juma'a da safe, bayan mako bibbiyu. Tun daga wannan aski, duk daren da zai zo washegari sai Iya ta ɗauko gwangwaninta na man kaɗanya, ta ajiye kusa da wuta har ya narke. Ta kwantar da Ado a cinyarta, ta riƙa murza masa a ka a hankali tana tatsuniya. Kafin gari ya waye ɓawon ya yi laushi, gashi ya kwanta, aska ta wuce sumul ba ko ɗigon jini. Ni kuwa an mayar da ni gefen tabarma cikin 'yan mata.

Ba zan ɓoye ba, na tsani Ado. Na tsani yadda kansa ke sheƙi a hasken wuta, na tsani yadda yake lumshe ido. Man ma ba wani ƙanshi gare shi ba, amma haka nake bin sa da hanci. Wata rana na daure na miƙa kaina na ce ni ma a shafa mini.

"Kanka lafiya lau, maigida," in ji Iya. "Man nan na mai ciwo ne. Matsa, ka tare mini wuta."

Na mai ciwo ne, ko? To shi ke nan. Wata Alhamis da la'asar na zagaya bayan rumbu da ƙayar aduwa, na yi ta kartar tsakiyar kaina har na ji danshi a yatsa. Akwai zafi, amma murna nake yi. Da aka hura wuta na riga kowa zama, na sunkuyar da kai daidai inda haske yake. Iya ta kama haɓata, ta juya kan, ta daɗe tana dubawa. Sai ta sake ni, ta kwantar da Ado kamar kullum, ta lakaci mai.

"Ga wata baƙuwa a bakin zaure," ta ce. "Wa zai shigo da ita?"

"Mu ne," yara suka amsa. Haka Iya take buɗe kowace tatsuniya.

Ta ce a da can ungulu gashi gare ta har wuya, baƙi wuluk, duk tsuntsaye suna sha'awarsa. A cikin dajin Falgore kuma akwai wata tsohuwa da ta tsinci ɗan kurciya. Shaho ya ɗauke uwarsa, shi kuma ya faɗo daga sheƙa kansa duk ya ƙuje. Kullum tsohuwa tana shafa masa mai, ungulu tana kan rimi tana kallo, zuciya na cin ta. Rannan ta tashi ta tafi duwatsun Doguwa, ta yi ta goga kanta a dutse har ya ɗaye, ta dawo ta tsuguna gaban tsohuwa.

A nan Iya ta sauya murya. "Tsohuwa ta ce, ke ungulu, na ga ciwonki. Amma uwarki tana nan da ranta a kan rimi, koma ta duba ki." Ungulu ta ji kunyar komawa, ta yi ta yawo a rana har mikin ya bushe, gashi bai ƙara fitowa ba. "Iyakar abin da baƙuwar ta zo da shi ke nan, a raka ta."

Yara suka yi ta dariya. Ni kaɗai na san wa ake nufi. Sai Iya ta ɗaga murya ta kira mahaifiyata. Inna ta zo ta durƙusa. Iya ta zuba mai a murfin gwangwani ta miƙa mata.

"Hanne, ɗanki ya ji ciwo a ka, gobe kuma wanzami zai zo. Wanke masa da ruwan ɗumi, ki shafa wannan a kewayen ciwon kada aska ta ja."

Inna ta sunkuyar da kai. "Iya, ai ke ce kika saba..."

"Hannuwana biyu ne, duk suna kan wannan. Ɗauki ɗanki."

A ɗaki Inna ta zaunar da ni gaban fitila. Da farko sauri take yi, kamar mai tsoron a kama ta. Can sai hannun ya lafa, ta riƙa bin kan nawa a hankali har bayan kunne, inda babu ciwo ko kaɗan. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Me ya kai ka, Habu?" Hankalina yana waje, inda Iya ta fara tatsuniya ta biyu ba da ni ba, haushi kamar ya kashe ni.

Na yi shekaru ina ganin korata Iya ta yi. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ga yadda uwarsa ke satar kallonsa idan ta zaci ba mai gani, sannan na gane Iya ta san sai da umarninta hannun Inna zai taɓa kaina. Na gane, amma kishin bai tafi ba. Har Iya ta koma ga Allah ba ta taɓa shafa mini man nan ba, kuma a wurin zaman makokinta ma, da Ado ya cire hula, sai da na harari kansa.

A nan ne, da mutane suka ragu, ya matso kusa da ni.

"Ka tuna ranar tatsuniyar ungulu?" ya ce. "Da aka shiga da kai ɗaki na ce wa Iya zan zagaya. Bayan ɗakinku na je na tsaya. Na ji lokacin da Innarka ta kira sunanka."

Ya juya hular a hannunsa.

"Ni har yau na kasa tuna muryar tawa uwar."