Nababa Mai Wanki da Allon Bakin Tafki

A shekarun da ake kwaso ofisoshin gwamnati daga Legas zuwa Abuja, Nababa ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, ya kama sana'ar wanki a bakin tafkin Jabi. Mutum ne marar hayaniya. Duk ɗan garinsu da ya zo neman aikin lebura a ɗakinsa yake sauka, iyaye kuma su biyo shi da saƙo: "Ga amana nan."

Abu ɗaya ke damunsa. A gida, kududdufi a hankali yake zurfi, mutum ya taka har ruwa ya kai masa ƙugu, ya yi wanka ya fito. Haka samarin suka ɗauki tafkin, alhali babu mai iya iyo a cikinsu, har shi Nababan. Wata Juma'a Aminullahi, ɗan maƙwabcinsa, ya taka da soso a hannu, sai ya ji babu ƙasa. Bartholomew, wani masunci da ke kai kifi kasuwar Kado, shi ya miƙa masa gorar tuƙi ya jawo shi.

"Oga wanki, mutanenka ba ya jin magana," in ji masuncin. "Nan rami ne fa."

Nababa ya samo fallen kwano, ya sa aka rubuta da boko da ajami: AKWAI RAMI, KADA A SHIGA. Ba a jima ba ya tarar da allon a lulluɓe da wanduna da singileti. Ashe samarin sun gano kwano na ɗaukar zafi, shanya na saurin bushewa.

"Haba Aminullahi! Har da kai? Wandonka ne zai yi wa baƙo gargaɗi?"

"Baba, ai mu mun haddace shi."

"Wanda zai sauka gobe fa?"

Bai ƙara faɗa ba. Ya ɗaura musu igiyar shanya can nesa, ya mirgino dutsen wankinsa zuwa gindin allon, duk da taɓon wurin. Baƙo na tuɓe riga, sai ya ji murya a hankali: "Samari, ga bokiti. Ɗebi ka koma tudu."

Haka ya yi ta yi har furfura ta fito masa. Duk farkon damina yakan rufe wanki da wuri ya raka su tasha, za su gida noma. Sai ya ga kowa ya hau mota yake juyawa.