Eilif, Mai Jera Mana Motoci a Jirgin Lindvika

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Eilif Straumsnes a asibitin gunduma, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunsa sittin da shida. Talatin da takwas daga cikinsu a tsaye ya yi su cikin jirgin fiton da ke haɗa ƙauyenmu Lindvika da Hestnes, yana nuna wa motoci inda za su tsaya. Ina bakin tagar kicin ina wanke kwanuka na hango jirgin sha ɗaya da rabi ya taho da tutarsa a rabin sanda. Kafin matarsa Borghild ta bugo mini waya na riga na nemi kujera na zauna.

Eilif, ba ni ce na fi cancanta in rubuta wannan ba. Ni ce Gunnvor, malamar da ta koyar da 'ya'yanka biyu karatu, kuma ni ce matar da ta yi shekara biyu na ƙarshen rayuwarka ba ta gaishe ka ba. Duk Lindvika ta san haka, babu amfanin ɓoyewa. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da kowa zai iya yi maka shaida a kai.

Baƙo zai ɗauka aikinka ɗaga hannu ne kawai. Mutum ne sanye da riga mai ruwan ɗorawa, yana yafito wannan, yana tsayar da wancan. Mu da ba mu da wata hanyar fita sai wannan ruwan mun san abin ya wuce haka. Daga gaɓar Hestnes zuwa asibiti tafiyar kilomita talatin ce a siririyar hanya, dutse a dama, ruwa a hagu, babu inda za ka wuce wanda ke gabanka. Wanda ya fara fita daga jirgi shi ke da hanya, na baya kuma sai haƙuri. Kai ne kake yanke wa zai fara fita. Manyan motocin 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ke tsayawa a kowace kwana su ɗauki hoton akuya, can baya kake kai su, kana yi musu murmushi suna yi maka godiya. Motar madara tana gefen dama, kusa da ƙofa. Motar makaranta ba ta taɓa kasancewa a bayan tirela ba. In kuwa motar gawa ce, ita kaɗai kake bari a layin gaba, ka cire hularka ka tsaya kusa da ita har a tsallaka, ko da ƙanƙara na dukan kanka.

Ba ka tambayar kowa ina za shi. Amma shekarar da mijina Magnar ya fara zuwa asibiti kowace Alhamis, tun kafin mu faɗa wa ko da fasto, muka ga kullum motarmu ce ta farko a layi, ko da mu muka zo ƙarshe. Mako na uku ka ƙwanƙwasa gilashi, ka miƙo wainar svele biyu da zafinsu a takarda, ka ce, "Malama, guda ɗaya na ce a ba ni, yarinyar da ke sayarwa ba ta iya lissafi ba." Ka juya ka tafi kafin Magnar ya buɗe baki. Wata goma sha ɗaya ka yi kana wannan ƙaryar, har ranar da muka tsallaka da shi a layin gaba, kai kuma kana tsaye babu hula. Ba ni kaɗai ba ce. A wajen jana'izarka na ji mutum huɗu sun ba da irin wannan labarin, kowannensu yana zaton shi kaɗai ka yi wa.

Kana da baki kuma, kada a ce na manta. Wani saurayi daga birni ya taɓa danna maka ƙaho don ka bar tsohuwa Aslaug ta shigo da keken guragunta a hankali. Ka tako har wurinsa, ka sunkuya, ka ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida. Ka ci gaba da dannawa, in ruwan ya ji zai matsa maka." Mun yi shekara muna maimaita wannan maganar a shago.

To, ga nawa laifin. Ina da ƙane guda, Oddvar, gidansa na hango nawa a ƙasan gangare. Shekara tara da suka wuce, a bikin tsakiyar bazara da muke tara tsofaffin katako a bakin ruwa mu cinna musu wuta, Oddvar ya jawo kwale-kwalen mahaifinmu ya ɗora a kan tulin. Gaskiya jirgin ya ruɓe, kuma haka ake yi wa ruɓaɓɓen jirgi tun kakanninmu. Amma bai tambaye ni ba. A cikinsa Baba ya riƙa tsallaka da mu coci kafin a kawo babban jirgi, kuma ni ya fara koya wa tuƙi a ciki, ba shi ba. Na sauko da kwanon abinci a hannu na tarar da sunan mahaifiyarmu, wanda Baba ya rubuta a goshin jirgin, yana cin wuta. Na ajiye kwanon a kan dutse na koma gida. Daga ranar ban sake yi wa Oddvar magana ba, shi ma da yake jininmu ɗaya bai nemi in yi ba.

A ƙauye mai mutum ɗari da 'yan kai, gaba aiki ce. Sai ka san lokacin da abokin gabarka ke zuwa shago, da kujerar da yake zama a coci. Mun iya wannan aikin ni da Oddvar. Wuri ɗaya ne ya gagare mu, wato jirginka, don minti ashirin da biyar ɗin nan babu inda mutum zai gudu. Da farko ka raba mu, ɗaya gaba ɗaya baya, na ce Allah ya yi maka albarka. Ashe jira kake mu huce. Da shekara ta biyar ta shiga ba mu huce ba, sai ka canza salo.

Wata safiyar Litinin ka yafito ni har jikin bangon jirgi ta hagu, ka yi ta cewa "matso, matso" har na kasa buɗe ƙofata. Ina ɗaga kai sai ga motar Oddvar ka liƙa ta a damana, tazarar da ko jarida ba za ta shiga ba. Shi ma ka toshe shi da motar madara ta ɗaya gefen. Kowa ya hau zauren sama shan gahawa, mu biyu muna zaune kamar kaji a akurki, ni ina kallon bango, shi yana kallon tankin madara. Da muka iso na sauke gilashi na ce, "Eilif, wane irin iskanci ne wannan?" Ka ce, "Jirgi ya cika, Malama." Motoci bakwai ne a jirgin da ke ɗaukar talatin.

Ka yi mana haka ya fi sau ashirin. Oddvar ya koma zuwa da jarida, ni na koma zuwa da saƙa. Mutane suka fara leƙowa ta tagar sama suna dariya, kuma wannan ne ya ƙona mini rai. Ranar da na fashe, a gaban fasinjoji na ce maka kai ɗan fito ne ba alƙali ba, ka tsaya inda aka ajiye ka. Wallahi har yau in na tuna fuskarka sai in ji kunya ta rufe ni. Ba ka yi fushi ba. Cewa ka yi, "Gunnvor, na tsallaka da uwarku, na tsallaka da ubanku, na tsallaka da Magnar. Wata rana zan tsallaka da ɗayanku, ɗayan yana biye a mota. Ba na so in ga fuskar wanda ya rage." Na ɗaga gilashina. Tun daga ranar ka daina haɗa mu, ni kuma na daina gaishe ka. In ka ɗaga mini hannu sai in bi hannun, in ƙi kallon mai shi.

Da na ji ka kwanta a watan Yuni na ce zan je in duba ka. Na ce sai an gama hutun bazara, sannan na ce sai an gama tsinke tuffa. Har kek na gasa sau ɗaya, na tsaya a gaɓa da shi, jirgi ya zo ya tafi ina tsaye. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma ya ci ni.

Kwana uku kafin jana'iza ɗanka Jostein ya kawo mini takarda. Ka bar sunayen mutum shida da za su ɗauki akwatinka daga ƙofar cocin Hestnes zuwa kabari, kuma da yake kai ne, har inda kowa zai tsaya ka faɗa. 'Ya'yanka Jostein da Tordis a gaba. Abokan aikinka biyu a tsakiya. A baya, Gunnvor a hagu, Oddvar a dama. Na karanta na ce, kai, mutumin nan ko a kwance bai haƙura ba. Amma ba a ce wa mamaci a'a. Na ƙudurta zan ɗauka, in sauke, in tafi gida bakina a rufe.

Bayan an dawo da kai gida Lindvika daga asibiti, ranar Juma'a muka tsallaka da kai a layin gaba, ma'aikatan jirgi duka a tsaye babu huluna. Bayan addu'a muka kama mariƙan akwatin muka fito. Daga ƙofar coci zuwa sabon ɓangaren maƙabarta hawa ne, kan tsakuwa, ga yayyafi. Ba mu yi taku ashirin ba na ji akwatin yana rinjayowa ta ɓangaren Oddvar. Wanda ke dama da hannun hagu yake ɗauka. Shekara huɗu da suka wuce injin jan igiya ya fizge wa Oddvar kafaɗar hagu a wurin kiwon kifi, ya yi wata biyu a asibiti, ni kuwa ko kati ban aika ba. Tun daga lokacin ko bokitin ruwa ba ya ɗauka da wannan hannun. Na saci kallonsa. Fuskarsa ta yi fari, ya cije leɓe, yatsunsa suna zamewa daga mariƙin. Na san ƙanena. Zai yarda kafaɗar ta tsinke, ko ka faɗi ƙasa a gaban matarka da jikokinka, da dai ya buɗe baki ya roƙe ni.

Na ce, "Ku tsaya." Fasto ta waiwayo, jama'a suka yi cirko-cirko. Muka sauke ka a hankali a kan tsakuwa. Na ce, "Oddvar, zagayo nan. Ba ni wancan gefen."

Ya dube ni ya ce, "Zan iya."

Na ce, "Ba za ka iya ba, shashasha. Zagayo."

Ya zagayo. Da muka gifta juna a bayan akwatin ya ce ƙasa-ƙasa, "Da na tambaye ki, Gunnvor." Shekara tara ban ji sunana a bakinsa ba. Na ce, "Da na zo asibiti." Muka sunkuya muka ɗauke ka, ina kuka yana kuka, muka kai ka inda za ka kwanta ba tare da ka sake karkacewa ba.

A wajen cin abinci bayan an rufe ka na sami Borghild na ce mata, a shekara talatin da takwas ban taɓa ganin ka sa abu inda bai dace ba sai yau, ciwo ne ya sa ka manta da kafaɗar Oddvar. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ni na rubuta takardar, yana faɗa. Na ce masa, Eilif, ka juya su, Oddvar ba ya ɗauka da hagu. Ya ce, 'Na sani. Ke dai rubuta.'"

Borghild, 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi, ya sa gidan kada ya yi miki faɗi da yawa. Jostein da Tordis, ubanku ya bar muku suna mai kyau a gaɓa biyu, Allah ya ba ku ikon riƙe shi, ya raya muku 'ya'yanku. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa Ingebjørg, da ma'aikatan jirgi, da mutanen Lindvika da Hestnes baki ɗaya, don babu gidan da bai yi rashi ba.

Kai kuma Eilif, ka saka gawarka a tsakaninmu, ka yarda a sauke ka a kan tsakuwa cikin ruwan sama, don dai wata tsohuwa mai taurin kai ta buɗe baki. Na buɗe, amma ba ka nan balle ka ji. Ka yafe mini maganar da na faɗa maka a gaban mutane, ka yafe mini shirun da ya biyo bayanta. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya karɓe ka da irin sauƙin da ka riƙa yi wa bayinsa ba tare da sun roƙa ba. Jibi Lahadi Oddvar zai hawo gangare ya ci abincin rana a gidana. Na gode, Eilif. Amin.